Jan Mayafin Auta

Mai Kala tana kankare busasshen fenti daga gilashin da take haɗa kala a kai, sai ta ji mota ta tsaya a ƙofar shago. Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta san kukan motar, ta kuma san turaren nan mai hawa kai da ke riga mai shi shiga ko'ina. Injiniya ne, mijin ƙanwarta Auta. Auta kuwa ta kwana biyu a ƙarƙashin ƙasa, ta bar 'ya ɗaya da ake kira Shalele, kuma albarkacin yarinyar nan kaɗai Mai Kala ke iya buɗe baki ta amsa gaisuwar mutumin.

"Yaya, sannu da aiki."

"Yauwa."

Ya jawo kujera, ya duba ta gaba da baya kada fenti ya ɓata masa wando, sannan ya ɗosana. Ya fara da labarin an zaɓe shi shugaban ƙungiyar masu kwangilar gine-gine, daga yanzu gidansa ba zai rabu da manyan baƙi ba. Ta ce Allah ya taya riƙo, a can ƙasan maƙoshi. Sai ya gyara murya.

"Dama maganar hoton nan ne na jikin bangon matakala. Ina so a canza shi."

"A canza shi da me?"

"Da nawa mana. Wanda ya tafi ya tafi, Yaya. Baƙo ya shigo gida, abin da zai fara cin karo da shi hoton marigayiya? Ai ba tsari."

Kai jama'a! Ranar da aka raba kunya, wannan bawan Allah yana can yana awon fili. Hoton da yake magana a kai ita ta zana shi da hannunta, a jikin bango, daidai inda matakala ta yi kwana, kyautar da ta yi wa Auta shekarar da suka tare a gidan. Auta na zaune ta ɗan karkata kai, dariya na neman ƙwace mata, jan mayafi ya sauko daga kanta ya bi kafaɗu ya taru a cinyarta. Kuma hoton nan shi kaɗai ya rage. Auta ba mai son tsayawa gaban mai ɗaukar hoto ba ce, 'yan waɗanda aka samu kuwa Injiniya ya tattara su a kwali tun masu gaisuwa ba su gama watsewa ba, ya jefa a sito, ruwa da gara suka raba su. Shalele ba ta san fuskar uwarta a ko'ina ba sai a bangon nan. Kullum da safe sai ta tsaya ta gaishe ta kafin ta wuce makaranta.

Wani zai ce to ai mai zane ce, ta sake wani mana. Ta gwada har ta gaji. Ranar da abin ya faru, ba a daɗe da yaye Shalele ba, Auta na da tsohon ciki na biyu, jini ya ɓalle mata da safe. Injiniya ya riga ya sa kwat, za a buɗe wani dogon gini da ya yi, kuma shi ne mai jawabi. Ya dube ta ya ce, "Yanzu zan dawo in kai ki da kaina. Kada ki tara min unguwa, kada kuma in ji an ce matata ta shiga motar haya." Ya ɗauki makulli ya fice. Auta mai jin magana ta zauna jira. Ta aika mai aikin gidan, aka ce yana kan jawabi. Ta sake aikawa, aka ce yana cin abinci da manya. Kafin mai aikin ta yi wayon rugawa wurin Mai Kala, rana ta raba. A motar hayar da ya hana aka ɗauke ta, kanta a cinyar yayarta, kuma ba su kai ƙofar asibiti da ita ba. Shi kuwa da ya iso, da fure maƙale a aljihun kwat, cewa ya yi, "Kwana ne ya ƙare." Gaskiya ne, ba mai ja da wannan. Amma tun daga ranar, duk sanda Mai Kala ta ɗauki fensir za ta zana ƙanwarta, ko da a gaban bangon take zaune tana kwafa, idon da ya kafe a cinyarta ne ke fitowa a takarda, sai ta yage ta.

"Ka nemi wani," ta ce.

"To shi ke nan," in ji Injiniya, yana miƙewa yana kakkaɓe wando. "Ina da masu fentin gida a wurin aiki, rabin yini sun shafe shi. Na dai ga ke ce ta gida, shi ya sa na fara zuwa nan."

Ta dubi 'yar wuƙar da ke hannunta, ta dubi wuyansa, ta yi a'uziyya ta ajiye.

"Bari. Ni zan yi."

Akwai abu biyu game da bangon nan da ita ta sani, shi bai sani ba. Na farko ta gada ne wurin mahaifinsu, wanda a wannan shagon ya tsufa. In dole ta sa za a ɗora sabon zane a kan tsoho, akan fara shafe tsohon da ruwan ƙaro, a bar shi ya bushe ƙarau. Ƙaron shi ne katanga tsakaninsu. Ko bayan shekaru aka so, sai a bi na saman a hankali a wanke, na ƙasan ya fito kamar jiya aka yi shi. Tsohon yakan ce hoton da aka sa wa ƙaro bai mutu ba, barci yake yi. In kuwa ba a sa ba, balle a ce an jiƙa shi da kananzir, to sabo da tsoho sun zama miya ɗaya, har abada ba mai raba su.

Na biyu, jan mayafin nan ba jan kirki ba ne. Ranar da take zanen, jan fentinta ya ƙare, Auta ta hana ta fita nema, ta ɗauko garin rinin da take rina zannuwan gado da shi ta zazzaga mata a cikin mai, suna ta ƙyaƙyata dariya. Ya fito ja zur, har ya fi na kanti kyau. Daga baya ne Mai Kala ta gane sharrinsa, a jikin wani allo da ta shafa wa ragowar. Rini ba ya zama inda aka ajiye shi. Duk abin da ka ɗora masa sai ya huda ya hau a hankali, kamar danshi a bango, in kuma ya ji kananzir da zafin gari abin ba a magana. Ƙaro ne kaɗai ke tare shi.

Hanya biyu ke nan a gabanta. Ta sa ƙaro, Injiniya ya samu hotonsa tas, Auta ta kwanta a ƙarƙashi tana jiran ranar da Shalele za ta girma ta isa cewa a yi. Ko ta ƙi sawa, ta saki jan nan a kansa, ta rasa fuskar, don fuskar ba ta da rini ko ɗigo, ba za ta taɓa hawowa ba. Ta juya maganar har kanta ya yi ciwo. Ta dama ƙaro ta cika kwalba, ta kuma cika galan da kananzir, ranar aiki ta ɗauki duka biyun.

Da sassafe ta isa gidan. Ta shimfiɗa tsohon zane a kan matakala, ta kafa ɗan teburinta, ta ɗora gilashi. Tana cikin jera buroshi Shalele ta sauko da kayan makaranta, ido a kumbure. An gaya mata. Ta tsaya gaban bango kamar yadda ta saba.

"Mama, ina kwana."

Sannan ta juyo, idonta ya faɗa kan kwalbar da ke gefen teburi. Yarinyar ta sha zama a shago ranar da babu makaranta, ta san kwalbar, ta san maganar kakanta. Nan take fuskarta ta washe.

"Inna, ƙaro za ki sa mata ko? Barci kawai za ta yi?"

"Maza ki wuce kada ki makara."

Shalele ta rungume ta ta baya, ta jiƙa mata riga da ragowar hawaye, ta ruga da gudu tana tsallake matakala bibbiyu. Mai Kala ta bi ta da kallo. Ta ce a ranta ai ba ta yi ƙarya ba, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Can sai ga Injiniya ya sauko da kwat uku a rataye a hannu. Ya ɗaga wani shuɗi mai duhu, ya ce da shi yake so a yi shi, shi ne na shugabanni. Mai Kala ta dubi kwat ɗin. Shuɗi mai duhu zai shanye ja ko da ya hawo, iyakaci a ga wurin ya ɗan yi ruwan hanta, a ce tsufan fenti ne.

"Wurin nan ba haske," ta ce. "In ka sa wannan, baƙo zai ga kai ne kawai yana lilo a bango, ba gangar jiki. Ɗauko farin."

"Fari bai yi kamar na direba ba?"

"Haba Injiniya. Fari ai sai wanda ya san ba shi da dauɗa."

Maganar ta yi masa daɗi har ya shafa ciki. Ya sa farin, ta zaunar da shi a kujera a ƙasan matakala, ta ce ya haɗa hannuwansa a cinya. Ta ɗauki alli tana awo, tana duban shi tana duban bango. Ta matsar da kansa gefe kaɗan yadda fuskar Auta za ta faɗa cikin duhun bayansa, ƙirjinsa ya hau inda mayafi ya sauko, hannuwansa biyu kuma su sauka daidai inda jan ya taru ya yi kauri a cinyarta. Ita dai tana cewa a ranta ba ta yanke shawara ba tukuna, awo ne kawai. Hannunta kuwa ya riga ya san inda ya dosa.

Sai ta zo kan kala. Mahaifinsu yana da doka, kala uku da fari sun ishi mai hankali, kuma kada ka haɗa fiye da uku a wuri guda, don abin da za ka samu taɓo ne. Ta matso fari tuli guda a tsakiyar gilashi. Ta sa ruwan ɗorawa a dama, ruwan ƙasa a hagu, shuɗi a sama. Baƙi ma ba ta ɗauko ba, in tana son duhu shuɗi da ruwan ƙasa suna ba ta wanda ya fi na kwalba rai. Ta ɗebi ruwan ƙasa da bakin wuƙa, ta ɗiga masa ɗorawa, ta murza, ta ɗaga wuƙar saitin goshinsa ta kwatanta. Ya yi haske da yawa. Ta taɓa shuɗi ta sake murzawa, sai ga fatar mutumin da ya ci ya ƙoshi, mai sheƙi. Ta raba ta uku, ta inuwa da ta tsakiya da ta inda haske ya bugi ƙashin kumatu. Ta koma kan fari, ta karya shi da ƙwayar shuɗi don lanƙwasar hannun riga, ta karya wani da ɗorawa don inda rana ta taɓa.

Injiniya ya miƙo wuya. "Yaya, ban ga ja ba. Ba a sa wa mutum ja ko a leɓe?"

"Ja yana nan tafe."

Saura abu ɗaya kafin buroshi ya taɓa bango. Ta ce masa ya je ya huta, sai ta shirya wuri. Ta tsugunna gaban kwalbar ƙaro, ta ɗora hannu a kan murfin. Auta na kallonta daga sama da dariyar nan da ba ta gama fitowa ba. Danshin hawayen Shalele bai bushe a bayan rigarta ba. Wallahi ta fara murɗa murfin, har ya ce ƙas. Da Injiniya ya wuce bakinsa alaikum, da wannan labarin bai samu ba. Amma shi ba ya iya wucewa shiru. Ya tsaya a tsakiyar matakala yana cire maɓallin kwat, ya harari bangon.

"Don Allah ki fara rufe min idon nan. Kullum na zo wucewa ta kafe ni da shi, sai ka ce na yi mata wani abu."

Ya haye yana fito.

Sai ka ce ya yi mata wani abu! Mai Kala ta ji kunnenta ya yi ɗum. Ta ga motar haya, ta ga zanen da ya jiƙe sharkaf, ta ga furen nan a aljihu. Ta mayar da murfin ta ɗaure tam, ta ture kwalbar da ƙafa zuwa ƙarƙashin teburi. Ta buɗe galan, ta jiƙa tsumma da kananzir har yana ɗiga, ta bi jan mayafin tun daga kai har cinya, ta tashe shi. Tsumman ya yi ja. Kananzir ya gangara ya bi goshin Auta ya bi kumatunta, fentin ya yi laushi, ba ta tsaya ba. Farin ma da ya kamata ta dama da mai ya yi kauri, da kananzir ta tsinka shi. Ta ɗauko babban buroshi ta ɗebo duhun da ta haɗa.

"Yi haƙuri, Auta. Ke ma kin jira, shi ma zai jira."

Idon ta bari a ƙarshe, don ya ce a fara da shi. Da ta rufe shi kuwa sai da ta zauna a kan matakala.

A faɗi gaskiya, tunda take zane ba ta taɓa yin aiki mai kyan wannan ba. Ƙiyayya ma tana buɗe ido. Ta san kowane lanƙwasa na bakin nan, ta san yadda yake ɗaga gira in zai raina mutum, ta zuba su duka ta lulluɓe da kwarjini. Ranar da ta gama, Injiniya ya tsaya ya riƙe ƙugu ya ce ashe haka yake, shi bai sani ba. Shalele kuwa da safe takan tsaya gaban hoton ubanta, ta dubi duhun da ke bayan kafaɗarsa, ta yi raɗa, "Mama, ina kwana." Mai aikin gidan ce ta gaya wa Mai Kala wannan, Mai Kala ta ce mata ta bar zancen.

Aka shiga jira. Mai aikin nan, wadda aka aika a ranar mutuwar aka mayar da ita da saƙon yana kan jawabi, ita ke biyowa ta shago in ta fito cefane. Da farko ba labari. Mai Kala har ta fara tsoron ko ta yi asarar fuska a banza. Sai zafi ya shigo, irin wanda bango ke ɗauka ya riƙe. Ran nan matar ta shigo tana rufe baki da gefen zane.

"Hannun rigar maigida na jikin hoton nan ya yi ruwan hoda."

"To."

"Ya sa ni na goge da sabulu, ya ƙi."

"Allah sarki."

Ruwan hoda ya zama ruwan goro, ya bi yatsu. Injiniya, da ya ƙi jinin ya zo ya ce Yaya taimaka, ya kira masu fentinsa suka dangwala fari a wurin. Fentinsu kuwa da kananzir suke tsinka shi. Ai sai suka yi wa rini ban ruwa. Ya kwanta kamar ya mutu, ya bari aka raba katin liyafar da Injiniya ya shirya wa 'yan ƙungiya da matansu, sannan ya taso gaba ɗaya. Injiniya ya rataya labule a wurin, aka ce masa ai kowa ya ji labarin hoton, shi ake zuwa gani. Ya sa aka sake dangwala fari ana gobe taro, ya yi ta addu'a ya riƙe.

Mai Kala ta ci ado ta je, ba wanda ya gayyace ta. Rana tsaka, falo ya cika, fanka na juya iska mai zafi. Wani mai katon tumbi ya ce shugaba a nuna mana hoton nan mana, kafin Injiniya ya buɗe baki ya riga ya ja labulen. Surutu ya ɗauke ɗif. Ga Injiniya a bango cikin farin kwat, ya ɗaga gira, hannuwansa biyu sun yi ja jawur har wuyan hannu. Jan ya hau ƙirji ta gefe biyu, ya zagaya ta bayan kafaɗarsa ya yi siffar kan mace mai lulluɓi, tsakiya kuwa duhu, babu fuska. Wata dattijuwa, matar ɗaya daga cikinsu, ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Wannan ai mayafin marigayiya ne."

Shi ke nan. Maganar da kowa ya sani ba wanda ya taɓa faɗa ta fito fili, tana yawo daga kunne zuwa kunne. Ai ranar yana kan jawabi. Ai aike aka yi ta yi masa. Ai motar haya ya hana. Masu ɗauke da faranti suka ajiye. Wanda ya ja labulen ya tuna yana da wani uzuri. Injiniya ya miƙa wa wani hannu za su yi sallama, mutumin ya dubi hannun, ya dafa nasa ƙirjin ya wuce. Mai Kala tana jingine da ƙarfen matakala tana sha kamar ruwan sanyi. Daɗi ta ji, daɗi na gaske, ba za a ɓoye ba. Ramuwar gayya ai ta fi ta gayya zafi. Da falo ya yi fili, ta sauko ta tsaya kusa da shi.

"Ka ce mata yanzu za ka dawo. Ta gaji da jira, ita ta dawo."

Ta wuce ta bar shi nan tsaye.

Daga nan rahoto ya ƙara daɗi. Maigida ya daina hawa bene, a kujerar falo yake kwana, ya juya wa matakala baya. Maigida ya ce a ɗauke masa fararen kaya daga ɗaki. Maigida ya ajiye shugabanci, wai likita ya ce ya huta. Mai aiki ta ce ta same shi a bakin famfo yana ta cuɗa hannu, hannun kuma ba komai a jiki. Mai Kala takan ce alhaki kwikwiyo ne, ta ci gaba da murza kalarta tana 'yar waƙa.

Wata safiya mota ta tsaya a ƙofar shago, amma ba turare. Injiniya ya shigo, wuyan riga ya yi masa yawa, ya zauna a kujera bai ko duba ta ba. Shalele na bayansa, ta sa rigarta mai kyau, bakin nan har kunne.

"Yaya," ya ce, yana kallon ƙasa, "na yi laifi. Da na tsaya ranar nan, da ban sani ba ko Allah zai sa a dace. Ban tsaya ba. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, yau na faɗa miki." Ya haɗiyi yawu. "Yarinyar nan ta ce kin sa wani abu da za a iya wanke nawa, nata ya fito. Ki wanke ni daga bangon nan. Ki mayar mata da uwarta."

Wannan ita ce maganar da Mai Kala ta yi shekaru tana son ji. Ga ta ta zo har shago da ƙafarta, amma ta zo a makare.

"Inna, tashi mu je!" Shalele ta kama hannunta tana ja. "Na share matakalar tun da asuba. Na gaya mata yau za ta tashi."

Mai Kala ta so ta faɗi gaskiya. Wata zuciyar ta ce mata wa ya sani, ƙila kananzir bai ci ko'ina ba, ƙila ido ɗaya ya tsira, ko gefen baki. Ta ɗauki tsumma da galan ta bi su kamar wadda ake kai wa yanka.

A kan matakala Shalele ta zauna ta haɗa gwiwa, Injiniya ya tsaya a ƙasa. Mai Kala ta jiƙa bakin tsumma, ta taɓa duhun da ke bayan kafaɗa, daidai inda ta san idon dama yake. Ta goga a hankali, yadda ake goge wa jariri fuska. Duhun ya narke. Abin da ke ƙarƙashinsa ma ya narke ya biyo shi. Shuɗi da ruwan ƙasa da ɗorawa da fari da jan da ya malalo, duk suka cakuɗe a tsumman suka ba ta kalar da mahaifinta ya yi ta gargaɗi a kai.

"Ƙara gogawa, Inna, tana ciki."

Ta ƙara. Ta koma inda hanci yake, taɓo. Ta koma inda dariyar nan take, taɓo. Ta yi ta gogawa, zufa na bin ta, har tsumman ya fara karce farin siminti. Ta tsaya. Shalele ta taso a hankali, ta zo ta sa yatsa a wurin, ta dubi yatsan.

"Ba ki sa mata ba."

"Ban sa ba."

"Mantawa kika yi?"

Ga ƙofa a buɗe, da ta ce e an wuce wurin. Yarinyar ma so take a ce e, ana gani a idonta. Sai a lokacin Mai Kala ta lura idon nan na Auta ne sak, na ranar dariya, ba na ranar mota ba.

"Ban manta ba, Shalele. Ina sane."

Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta goge yatsanta a jikin rigarta mai kyau, ta raɓa ta gefen innarta ba ta bari ko zanensu ya haɗu ba, ta sauka. A ƙasan matakala ta kama hannun ubanta, hannun nan dai, ta ce, "Baba, mu je waje." Suka fita tare.

Mai Kala ta daɗe a tsaye. Da ta gaji ta tattara tsumma da galan, ta shiga madafa ta roƙi mai aiki sabulu. Ta wanke ta sake wankewa, taɓon ya fita, rinin ya zauna daram tun daga farce har wuyan hannu. Mai aikin ta miƙo mata toka da soso, ta ce ta gwada da wannan. Ta ce a'a, ta san halinsa, ba ya fita.